Dogon hutu da karatun kwamfuta: bayani ga iyayen 'yan ƙaramar sakandare

Ya ku iyaye da masu riƙon yara, an kusa rufe makarantu domin dogon hutu. Kamar kowace shekara, hutun zai faɗo cikin damina, lokacin da gona da ɗiban ruwa da neman itace ke jiran kowane hannu a gida. Mun san haka, kuma ba mu ce yara su bar taimakon iyayensu ba. Roƙonmu shi ne a ware wa yaron da ke ƙaramar sakandare awa ɗaya a rana domin ya fara koyon kimiyyar kwamfuta. Muna nufin yara 'yan shekara 11 zuwa 15, waɗanda a tsarin Najeriya ke JSS 1 zuwa 3, a tsarin Faransanci kuma ke koleji, daga aji 6e zuwa 3e. Yaro zai iya fara wannan karatu ko da babu kwamfuta a gidanku, ko da babu wutar lantarki a unguwarku.

Me ya sa muka zaɓi waɗannan yara?

A wannan matakin ne muke yawan rasa ɗalibai. Rahotannin da Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke fitarwa kowace shekara sun nuna cewa a duniya baki ɗaya, yaran gudun hijira da suka kai shekarun sakandare, waɗanda ke makaranta ba su kai rabi ba. Sau da yawa dogon hutu ne mararraba. Yaro ya tafi leburanci ko tallan kaya cikin gari, yarinya ta nutse cikin aikin gida ko a fara zancen aurenta, idan aka koma aji sai a ga gurbinsu babu kowa. Yaron da ke da wani karatu da yake ɗoki a lokacin hutu, tare da abokan da ke jiransa, ya fi saurin komawa aji idan an buɗe makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mene ne kimiyyar kwamfuta?

Mutane da yawa na ɗauka cewa yaron da ya iya latsa waya, yana tura saƙo a WhatsApp ko yana kallon bidiyo, ya riga ya san kwamfuta. Wannan amfani ne da abin da wasu suka ƙera. Kimiyyar kwamfuta kuwa ita ce koyon yadda ake warware matsala daki-daki, sannan a rubuta matakan a sigar da na'ura za ta iya bi. Kwamfuta ba ta da wayon kanta. Abin da aka umarce ta shi take yi, kuma a jeren da aka ba ta.

Ku ɗauki misalin dama kunu. A ɗora ruwa a wuta. A jira. Idan ya tafasa a zuba ƙullu, idan bai tafasa ba a ci gaba da jira. A yi ta damawa har ya yi kauri. A cikin wannan ɗan bayani akwai abubuwa uku da kowace manhaja a duniya ta ginu a kansu: jerin matakai, sharaɗi, wato "idan kaza ya faru a yi kaza", da maimaitawa. Irin wannan jerin umarni shi masana ke kira algoridim. Kalmar ta samo asali ne daga sunan Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9 miladiyya. Duk uwar da ta taɓa koya wa 'yarta girki mataki bayan mataki ta san tushen wannan karatu.

Wasanni uku da ba sa bukatar na'ura

Tun shekarun 1990, Tim Bell na Jami'ar Canterbury a ƙasar New Zealand da abokan aikinsa suka tattara darussan koyar da kimiyyar kwamfuta ba tare da kwamfuta ba, mai suna CS Unplugged. Kyauta ne, kuma malamai a ƙasashe da dama na amfani da shi. Ga wasanni uku irin waɗanda ake yi a wannan tsari. Za a iya yin su a ƙarƙashin bishiya.

Na farko, katunan ɗigo. A yanki katuna biyar daga tsohon kwali. A zana ɗigo 16 a na farko, 8 a na biyu, 4 a na uku, 2 a na huɗu, 1 a na biyar, a jera su daga hagu zuwa dama. Katin da aka buɗe ana rubuta masa 1, wanda aka kife ana rubuta masa 0. A ce wa yaro ya nuna shekarunsa. Idan shekararsa 13, zai kife 16, ya buɗe 8, ya buɗe 4, ya kife 2, ya buɗe 1. Abin da zai rubuta shi ne 01101. Da katunan nan biyar ana iya nuna kowace lamba daga 0 zuwa 31. Haka kwamfuta da waya ke ajiye komai, rubutu da hoto da murya, da sifili da ɗaya kawai.

Na biyu, wasan mai umarni. A zana gidaje a ƙasa kamar na dara, shida a tsaye shida a kwance, a ajiye dutse a wani gida. Yaro ɗaya ya zama na'ura, ɗaya ya zama mai umarni. Umarni uku kaɗai aka yarda da su: taka gaba, juya dama, juya hagu. Mai umarni zai rubuta duka umarninsa a takarda tun kafin a fara, na'ura kuma ta bi abin da aka rubuta ko da ta ga kuskure ne. Idan ba ta isa wurin dutsen ba, sai su koma kan takardar su nemo layin da ya ɓata tafiyar. Neman kuskure da gyara shi babban ɓangare ne na aikin masu rubuta manhaja.

Na uku, cinkar lamba. Mutum ya riƙe wata lamba a zuciyarsa tsakanin 1 da 100. Mai cinka zai faɗi lamba, a amsa masa da "sama" ko "ƙasa". Da farko yara kan yi ta faɗa barkatai. Daga baya sai su gano cewa idan suka fara da 50, sannan suka riƙa raba abin da ya rage biyu, ba za su wuce cinka 7 ba. Tsakanin 1 da 1,000, cinka 10 ta isa. Tsakanin 1 da miliyan ɗaya, 20. Da irin wannan dabara ce kwamfuta ke zaƙulo lamba ɗaya daga jerin dubbai cikin ƙiftawar ido.

Idan aka samu na'ura

Manhajar da aka fi fara koyar da yara da ita ita ce Scratch. An ƙirƙire ta a jami'ar MIT da ke Amurka, aka sake ta a shekarar 2007, kuma an yi ta ne musamman domin yara 'yan shekara 8 zuwa 16. Yaro ba ya bukatar iya buga rubutu da sauri. Umarnin na zuwa ne kamar bulo masu launi, yana jan su yana ɗora wani kan wani, sai wata kyanwa da ke kan allo ta aikata abin da ya ce. Idan ya haɗa "yi gaba taki 100" da "juya digiri 90", ya sa a maimaita sau 4, kyanwar za ta zagaya murabba'i ta dawo inda ta fara. Wasan mai umarni ke nan ya koma kan allo. Scratch kyauta ce, akwai ta da Faransanci da Turanci da Larabci, kuma idan aka sauke ta sau ɗaya a kwamfuta tana aiki babu intanet. Ga gidan da ke da babbar waya ta Android, akwai wata makamanciyarta mai suna Pocket Code, ita ma kyauta.

Rashin intanet ma an samo masa hanya. Manhajar Kolibri, ta ƙungiyar Learning Equality, tana ba da dama a loda darussa a kwamfuta ɗaya, sauran na'urorin da ke ɗakin su riƙa ɗauka daga gare ta ba tare da sayen data ba. A shekarar 2013 kuma, Gidauniyar Vodafone da Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira suka fara shirin Instant Network Schools, wanda ke aiki a sansanoni irin su Dadaab da Kakuma a Kenya. Ana kai wa makaranta akwati mai ɗauke da kwamfutar malami, ƙananan kwamfutocin hannu 25 da majigi, tare da wutar sola. Mun kawo waɗannan misalai ne domin ku san cewa yara masu rayuwa irin ta 'ya'yanku suna wannan karatu. Kada a ɗauke su a matsayin alkawarin cewa irin waɗannan kaya na kan hanya. Duk abin da ya tabbata, a wannan takarda da allon sanarwa za ku fara ganinsa.

Yara biyu ko uku a kan na'ura ɗaya ba matsala ba ce. Ɗaya na latsawa, ɗaya na duba kuskure, bayan minti goma su yi musanya. Wanda layi bai zo kansa ba ya tsara umarninsa a littafi kafin ya zauna.

Ina za ku tambaya?

Kafin a rufe makaranta, ku je wurin shugaban makarantar ɗanku ko malamin lissafi da kimiyya. Ku tayar da zancen a taron iyaye da malamai. Ku leƙa cibiyar matasa da ofishin ilimi. Idan aka ce muku akwai ajin hutu, ga abin da ya kamata ku tambaya:

Wa ke gudanar da ajin, kuma hukumar makaranta ta san da shi?
A ina ake yi, da ƙarfe nawa ake tashi? Ya kamata yara su iso gida da sauran rana.
Akwai malama ko wata babbar mace a wurin?
Yara nawa ne a kan na'ura ɗaya?
Me yaro zai iya nunawa a ƙarshen hutu?

Idan babu aji a kusa da ku, gidaje biyar ko shida na iya haɗa yaransu. Ku nemi matashin da ya gama sakandare ko malamin da ke hutu ya jagorance su. Mako biyu na farko a yi wasannin da muka bayyana. Mako biyu na gaba yara su riƙa rubuta matakan ayyukan da suka sani, kamar shuka gero ko raba kaya daidai tsakanin gidaje, suna gwada su a kan juna. Idan an samu aron waya ko kwamfuta, sai a ƙarasa hutun da ita.

'Yan mata ma da su

Mun lura cewa duk lokacin da na'ura ta yi kaɗan, maza ne ke rigan zama, 'yan mata kuma aikin gida ke tsare su. Muna roƙon iyaye mata da maza su raba aikin gida yadda yarinya za ta samu awarta kamar ɗan'uwanta. Idan nisa ne damuwarku, ku haɗa su su tafi tare su dawo tare. Yaro mai lalurar gani ko ji ko tafiya shi ma yana da haƙƙin shiga. Ku sanar da mu domin a duba yadda za a sauƙaƙa masa.

Ku yi hattara

Ayyukan da muke yi muku kyauta ne. Duk wanda ya nemi kuɗin rajista da sunanmu, ko ya ce zai samo wa ɗanku kwamfuta ko gurbin karatu a ƙasar waje idan kun biya, kada ku ba shi, ku kawo rahotonsa. Kada ku miƙa katin shaidarku ko katin abinci a matsayin jingina, kada kuma ku bari baƙo ya ɗauki hotonsu. Ku ja kunnen yara cewa idan sun shiga intanet ba sa faɗa wa wanda ba su sani ba sunansu ko inda suke zaune, ba sa tura hotonsu, kuma kalmar sirri ba a ba aboki. Idan wani ya turo musu abin da ya tayar musu da hankali, su gaya wa babba. Ku saurare su kafin ku yi faɗa, domin yaron da ke tsoron duka ɓoyewa yake yi.

Me yaro zai samu?

Hutu ɗaya ba zai mayar da yaro injiniya ba, kuma ba mu yi muku alkawarin aiki ko kuɗi. Abin da zai samu shi ne sabo da tsara tunani, haƙurin neman kuskure, da ƙarin ƙarfi a lissafi, waɗanda za su taimake shi a jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Ko kun koma gida, ko kun ci gaba da zama a nan, rajistar jarrabawa da tura kuɗi da neman aiki duk suna komawa kan waya da kwamfuta. Kun bar gona da gida a baya ba da son ranku ba, amma abin da yaro ya koya yana tafiya da shi duk inda ya sa ƙafa.

A wannan mako, ku nemo kwali ɗaya, ku yanka katuna biyar, ku ce wa ɗanku ko 'yarku su nuna muku shekarunsu. Mai tambaya ko shawara ya same mu a ofishin ilimi a ranakun aiki, ko ya aiko ta hannun shugaban unguwarsa. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya karatu ba.