Busasshen Wake da Waken Gwangwani

Wake abinci ne mai gina jiki, kuma ya fi nama araha. Da shi ake yin ƙosai da alale da garau-garau, wato shinkafa da wake. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman irin waken da muke ci. A Minna, babban birnin Jihar Neja, ana auna busasshen wake da mudu a Kasuwar Kure, kuma yakan yi sauƙi da kaka, lokacin da sabo ya shigo.

A manyan kantuna kuwa akwai waken gwangwani. Shi dafaffe ne, yawanci a cikin romon tumatir mai sukari da gishiri. Sai dai a buɗe, a ɗumama, a ci. Amma yana da tsada, domin mai saye yana biyan kuɗin gwangwanin da na dahuwa da na sufuri. Gwangwani ɗaya mai nauyin giram 400 ba zai ciyar da iyali ba, kuma ba a yin ƙosai da dafaffen wake.

Busasshen wake yana da auki, don idan ya dahu yakan kumbura ya ninka biyu. Matsalarsa ita ce cin wuta. Idan aka ɗora shi haka nan, yakan daɗe bai nuna ba, sai gawayi ko gas ya ƙare. Abin da aka rage a kasuwa sai ya tafi a murhu.

Maganin wannan shi ne a tsince waken, a jiƙa shi tun dare. Da safe a zubar da ruwan, a wanke, a dafa a rufaffiyar tukunya. Wasu mata sukan jefa 'yar kanwa don ya yi saurin laushi, amma idan ta yi yawa takan ɓata ɗanɗano. Wanda ya sayi wake da yawa da kaka, ya zuba shi a jarka ya rufe gam, don kada ƙwari su cinye shi.

Hausawa sun ce, daidai ruwa daidai tsaki. Mai gaggawa yana iya sayen gwangwani. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa, mudu ya fi masa.

Tambayoyi
1. A wane lokaci wake yake yin sauƙi?
2. Me ya sa waken gwangwani yake da tsada?
3. Mene ne amfanin jiƙa wake?