Albarushi Ma Yana Jin Zafin Rana

A Amurka akwai maharba da yawa da ba sa sayen harsashin kanti. Sukan tara kwanson da aka harba, su auna albarushi a sikeli, su ɗura da hannunsu. Wasunsu na ganin da zarar an dace da awo, magana ta ƙare. Ni kuwa a ganina awo ba ya da amana sai a yanayin da aka gwada shi, domin abin da ya yi daidai cikin hunturu yana iya zama haɗari da bazara.

Albarushin zamani ci yake yi da wuta cikin ƙiftawar ido, iskar da ya fitar ta tunkuɗa harsashi waje. In ƙwayoyinsa sun riga sun ɗau zafi, wutar takan cinye su da sauri fiye da ƙima, matsi ya hau, gudun harsashi ya ƙaru. Cikin sanyi kuma sai ya yi nawa, harsashin da aka aika nesa ya sauka ƙasa da inda aka saita. Hawan matsin shi ne abin tsoro: maharbi ya ji kwanso ya maƙale, ya zaro shi da ƙyar, ya tarar da hular gindinsa ta baje. Turawan Ingila sun ɗanɗana wannan da albarushinsu na cordite, wanda aka ƙirƙiro a 1889. Zafin Afirka da Indiya yana sa shi tsauri, shi ya sa harsashin farautar giwa irin .416 Rigby na 1911 ya zo da ƙaton kwanso, don matsin ya sami sarari.

Wani zai ce ai wancan zamani ya wuce, tunda akwai albarushi irin su Varget da H4350 na kamfanin Hodgdon, da aka sarrafa don su jure sauyin yanayi. Gaskiya ne sun rage matsalar ƙwarai, amma ba su kashe ta ba. Kuma zafin da ake magana na jikin harsashin ne, ba na gari ba. Akwatin da ya wuni cikin mota a rana, ko harsashin da ya daɗe a cikin bindigar da aka yi ta harbawa har ta yi jau, ya zarce duk abin da ma'aunin zafi ke nunawa a inuwa. Don haka mai ɗuri da hannu ya tsaya ƙasa da iyakar da masu albarushin suka buga, ya sake gwaji in yanayi ya juya.