Idan Mai Tarin Fuka Ya Fara Sambatu

A Garwa, kamar a Marwa da Ngaundere, wanda aka samu da tarin fuka yakan sha magani na wata 6: magunguna huɗu a wata 2 na farko, sannan biyu a sauran wata 4. Akan gaya masa fitsarinsa zai yi ja saboda rifampicin, kada ya tsorata. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wasu ƙwayoyin kan taɓa ƙwaƙwalwa.

Ba kowa ne abin ke samu ba. Amma wani, bayan 'yan makonni, sai barci ya ƙaurace masa, ya shiga zargin mutanen gidansu, ko ya ce yana jin muryoyi. Nan take a ce iska ce, a nemo mai ruƙiya, a ajiye ƙwayoyi.

Ga yadda abin yake. Isoniazid, ɗaya daga cikin huɗun nan, yana rage bitamin B6 a jiki. Da wannan bitamin ƙwaƙwalwa ke haɗa sinadarin GABA, wanda yake wa jijiyoyi kamar linzami a bakin doki. In ya yi ƙaranci, sai tafin ƙafa ya ɗau zafi, wani ya yi jijjiga, wani hankalinsa ya gushe. Mai fama da yunwa, mashayin giya, mai ciwon suga, mai ƙanjamau da mace mai ciki sun fi shiga haɗari, shi ya sa ake haɗa musu da ƙwayar B6.

Tarin da ya bijire wa magani kuwa, akwai cycloserine cikin magungunansa, wanda ya yi ƙaurin suna wajen jawo baƙin ciki mai tsanani, har da tunanin kashe kai. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin wata 6 wanda babu shi a ciki.

Duk wanda ya ga halin ɗan'uwansa ya sauya, ya kai shi inda yake karɓar magani a ranar, da ƙwayoyinsa a hannu, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Addu'a ba ta hana wannan tafiya. Likita zai iya ƙara B6 ko ya sauya ƙwayar, kuma galibi hankali kan dawo. In aka yanke magani a gida, tarin na iya komowa da taurin da ya fi na farko, ya kama yaran da ke kwana ɗaki ɗaya da mara lafiyar.