Idon da ba ya gyangyaɗi a kamfanin shinkafa

A da, duk uwargidan da ta sayo shinkafa 'yar gida ta san aiki na jiranta: ta baza a faranti, ta tsince tsakuwa da baƙar ƙwaya, sannan ta rege. Wannan wahalar ce ta ba 'yar waje, ta Tailan da Indiya, damar cin kasuwa, ba don ta fi daɗi ba. Da aka rufe iyakokin Najeriya na tudu a watan Agustan 2019, kamfanonin sarrafa shinkafa a Kano da Kebbi da Jigawa suka samu kasuwa, kuma tilas su fitar da abin da zai yi gogayya da waccan.

Tsakuwa dai injin girgiza ne ke ware ta saboda nauyinta. Ƙwayar da ta ƙone wajen turarawa, ko wadda ƙwaro ya sara, nauyinta kusan ɗaya da mai kyau, don haka sai an gan ta. A nan kwamfuta ta shigo. Shinkafar na gangarowa ta magudana a guje, kyamarori na duban ƙwayoyin, kwamfuta na gwada launin kowace da wanda aka saita mata. Da ta ga baƙa ko ruwan ɗorawa, sai wani ɗan bututu ya feso iska ya tunkuɗe ta gefe, sauran su wuce. Kana tsaye kusa, ba ka jin komai sai tas-tas-tas kamar ana gugguru. Buhun asuba da na dare duk ɗaya suke fitowa, abin da hannun mai tsinta, komai ƙwazonsa, ba zai iya ba.

Sai dai na'urar abin da aka ce mata take yi. Idan mai kamfani ya ga wadda ake zubarwa ta yi yawa, yana iya sa a sassauta ma'aunin don buhu ya cika, kwamfutar kuwa ba za ta yi gardama ba. Haka idan shanshera ba ta bushe zuwa danshin kusan kashi 14 cikin 100 ba, za ta kakkarye tun a wajen casa. Ga kuma ƙura da ke rufe gilashin kyamara, ga wutar da ke ɗaukewa, ga ƙarancin masu gyara. Shi ya sa za ka tarar da kamfanoni biyu masu inji iri ɗaya, amma dillalan kasuwar Dawanau sun san buhun wa za su saya ba tare da sun soke shi sun duba ba.