Kuɗin Lafiyar Kifi: Lissafi Kafin A Haƙa Rami

Kwanakin nan a Zangon Kumasi hira ba ta wuce ta kiwon kifi, har wasunmu na shirin sayar da bijimi biyu ko uku su haƙa ramin tarwaɗa ko karfasa. Wai can babu ɗawainiyar likitan dabbobi, babu takardu irin na kan iyakar Paga. To, a yi hankali. Kifi ma da nasa likitan, da nasa takardun.

Mu tuna 2018. Daga 1 ga Yuli zuwa 31 ga Disamba, Ma'aikatar Kamun Kifi ta Gana ta hana shigo da karfasa daga waje, har ƙwayayenta, don tsoron wata annoba da ta ɓulla a wasu ƙasashe. Ana cikin haka, a ƙarshen shekarar, sai wata cutar daban mai suna ISKNV, wadda ke lalata saifa da ƙoda, ta faɗa wa kejunan da ke tafkin Volta. Ƙananan kifi suka yi ta mutuwa. Abin da ƙasar ta noma ya faɗo daga wajen tan 76,000 a 2018 zuwa wajen tan 52,000 a 2019, shekarar da gwamnati ta soma rigakafi.

Ina kuɗin ke tafiya? Na farko, izini. Mai son kafa gona sosai sai ya bi Hukumar Kamun Kifi, da hukumar kare muhalli, da ta albarkatun ruwa, kowacce da kuɗinta da zirga-zirgarta. Na biyu, iri. 'Ya'yan kifi daga wurin ƙyanƙyasa mai rajista sun fi na bakin hanya tsada. Na uku, allura. Mu sa ɗaya muke kamawa a tsira masa, su kuwa kifi dubbai ne, ɗaya bayan ɗaya da hannu, ga ladan ma'aikata. Sai maganin wanke raga da bokiti, da ware sabon iri kafin a haɗa shi da na gida. In kifi ya mutu, binnewa za a yi, ba kasuwa ba. Duk wannan ban da abinci, wanda shi kaɗai kan ci fiye da rabin kuɗin kiwo.

Babban kamfani zai raba nauyin nan a kan tan ɗaruruwa. Mai rami biyu fa? A nan ne gizo ke saƙar.

Amma kada mu ce dokar banza ce. Mu ne shaida. A Yunin 2023, da ciwon saifa ya ɓulla a yankin Gabas ta Sama, an hana zirga-zirgar dabbobi ana dab da Babbar Salla, kowa ya ji a jikinsa. Bushiya kuwa, da ta ƙarar da garkunan kakanninmu, allura ce ta kawar da ita, har aka yi shelar ƙarewarta a duniya a 2011.

Shawararmu: kafin ka sayar da sa, je ofishin Hukumar Kamun Kifi a nan Kumasi, a lissafa maka komai, ka rubuta. Masu ƙaramin ƙarfi su haɗa kai wajen sayen iri da kiran likita, kamar yadda muke haɗa mota guda. Kada kuma a zuba jari duka a ruwa.

Allah ya tsare mana dukiya, ta tudu da ta ruwa. Amin.