Gano Musabbabin Girgizar Babbar Mota a Kan Hanya

Tun daga shekarar 1929, lokacin da layin dogo da ya taso daga Zariya ya tuƙe a Ƙauran Namoda, garin ya zama matattarar amfanin gona na arewacin ƙasar Zamfara. A yau manyan motoci ne ke ɗauke da wannan nauyi. Daga Ƙaura, hanya ɗaya ta yi arewa zuwa Shinkafi, inda kasuwa ke ci ranar Alhamis, ɗaya kuma ta bi ta Zurmi ta faɗa Jibiya a Jihar Katsina. Motocin da ke bin waɗannan hanyoyi kan yi lodin hatsi da dabbobi fiye da kima. Ga ramuka, ga kuma matsalar 'yan bindiga, wadda ta sa lalacewar mota a dawa ta wuce batun ɓata lokaci kawai. Saboda haka, direban da ya ji motarsa ta soma girgiza yana bukatar ya san dalili tun kafin ya yi nisa da gari.

Ƙwararren makaniki ba ya fara ɗaukar sifana. Tambaya yake fara yi: yaushe girgizar take zuwa, kuma a ina ake jin ta? Dalili kuwa shi ne, galibin girgiza daga wani abu mai juyawa take tasowa, kuma kowane abu da saurin juyawarsa. Inji yana juyawa gwargwadon yadda aka taka totur, ko mota na tafiya ko tana tsaye. Taya kuwa ba ta juyawa sai mota ta motsa. Wannan bambanci shi ne gwajin farko. A tsayar da mota, a fitar da ita daga giya, a taka totur a hankali. Idan girgizar ta bayyana a haka, to tayoyi sun fita daga zargi. Sai a duba robobin da inji ke zaune a kansu, ko nozul ɗin da ba ya fesa gas daidai, ko fankar da ta rasa fiffike guda.

Idan kuwa sai mota na gudu take girgiza, akwai ɗan lissafi da ke taimakawa. Kewayen tayar babbar mota ya kai kimanin mita 3 da rabi, wato idan ana gudun kilomita 80 a awa, taya na juyawa kusan sau 6 a daƙiƙa ɗaya. Farfela, wato doguwar sandar ƙarfe da ke kai ƙarfin inji daga giya zuwa aksul na baya, takan juya sau 3 zuwa 6 kafin taya ta juya sau ɗaya. Shi ya sa girgizar taya take zuwa kamar sukuwar doki, har mutum ya iya bin bugunta, ta farfela kuwa sai a ji ta kamar gurnani a ƙarƙashin kujera, madubi ya dushe, tafin ƙafa ya riƙa zuga. Haka kuma, ƙarfin fizgar abin da nauyinsa ya karkata gefe guda ba ya ƙaruwa daidai da gudu: idan gudu ya ninka biyu, fizgar takan ninka huɗu. Wannan ne ya sa motar da ta ratsa cikin Ƙaura lafiya lau take soma rawa da zarar ta sami miƙaƙƙiyar kwalta.

Taya ita ce ta fi yawan laifi, kuma sau da yawa laifin ƙarami ne. Da damina, laka kan maƙale a cikin wili ta bushe ta zama tamkar dutse a gefe guda. Wani lokaci dutse ne na gaske ya shige tsakanin tayoyin baya guda biyu. Akwai wilin da rami ya lanƙwasa, akwai tayar da wayoyin cikinta suka rabu ta yi ƙulu, abin da ya zama ruwan dare a tayoyin gwanjo. A gefen kowace taya ta zamani akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Alal misali, 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi, amma mai saye ya fi duban zanen taya da farashinta. Idan sitiyari ne ke rawa a hannu, matsalar tana gaba. Idan kujera da bodi ne, tana baya.

Wanda ya fi waɗannan haɗari shi ne sakin notin wili. Alamarsa ita ce zirin tsatsa da ke fitowa daga gindin noti, ko ƙyallin ƙarfe a inda wili ke goga. Yaron mota mai lura yakan gano wannan a zagaye guda. Daga nan sai boris. Idan aka tsaya bayan tafiya aka kusantar da hannu tsakiyar wili aka ji ɗaya ya fi sauran zafi nesa ba kusa ba, boris ne ya ci ko birki ne ya kama. Makaniki kan ɗaga ƙafar da jak, ya jijjiga taya sama da ƙasa. In ta yi wasa, zargin boris ya ƙarfafa. In kuwa hagu da dama take wasa, sai a koma ga mahaɗan sitiyari.

Girgizar da ba ta zuwa sai an taka birki ba ta da wuyar ganewa, domin yawanci ƙwaryar birki ce zafi ya karkatar.

Farfela tana da nata halin. Girgizarta kan ƙaru idan an taka totur, musamman da lodi ko a hawa, ta ragu idan an ɗaga ƙafa. Idan ƙaramin mahaɗin nan mai kai huɗu, wanda 'yan gareji ke kira kuros, ya rasa giris ya ci, akan ji ƙarar ƙwas lokacin tashi ko canjin giya. Wani abin takaici shi ne, gyara ma kan haifar da wannan cuta: idan aka kwance farfela ba tare da an yi mata shaida ba, aka mayar da ita kawunan biyu ba su saitu ba, sai mota ta fito daga gareji da girgizar da ba ta shiga da ita ba. Jan layi da alli kafin kwancewa ya isa ya hana wannan.

Ba kowace girgiza ce ke hana ƙarasa tafiya ba. Laka a wili, ko lodin da ya karkata aka gyara masa zama, ko hanyar burji da ta yi kunya-kunya, duk ana iya ci gaba da su cikin sassauci. Amma noti da boris da kuros ba a yi musu alkawarin sai an isa. Wili kan fice ya bar mota, boris kan ƙone har ya kama taya da wuta, farfela kuwa in ta tsinke daga gaba sai ta soki ƙasa, ta iya tsinka bututun iskar birki ko ta kifar da mota. Direban da ya ga ɗaya daga cikin alamun nan uku a tashar Ƙaura da la'asar, gara ya kwana a nan, ko da kasuwar Shinkafi za ta ci ba da shi ba.