Manhajar Waya Da Kayan Da Ƙwaƙwalwa Ke Iya Ɗauka

'Yan'uwa manoma, a wata damuna da ta wuce an kawo wa ɗaya daga cikin ƙungiyoyin gama kai da nake zagayawa wata manhaja, wato irin shirin nan da akan sa a babbar waya mai gilashi domin ta yi wani aiki. Waɗanda suka kawo ta sun ce za ta ɗauke wa ma'aji wahalar littafi. Ma'ajin nan dattijo ne, ya yi shekaru yana riƙe da kuɗin ƙungiya, ba a taɓa samun ko kwabo ya ɓace a hannunsa ba. Ranar rabon takin zamani, mutane na layi cikin rana, kowa na magana, sai ya rubuta bashin buhu biyu a kan sunan wanda bai karɓa ba. Ba wanda ya lura sai da kaka, sa'ad da aka zo biya. Aka yi ta cacar baki, har wasu suka fara zargi. Da na je, ya ce mini, "Malam, tsufa ne ya kama ni, a ba yara."

Na karɓi wayar na gwada da kaina. Kafin ka rubuta wa mutum ɗaya bashi, sai ka buɗe shafin sunaye ka ga lambarsa, ka riƙe ta a ka, ka koma baya, ka shiga wani shafi, ka buga lambar, sa'an nan ka buga yawan buhu da kuɗi. A shafi na biyun nan sunan mutumin ba ya fitowa ko kaɗan. Ni da nake zaune a inuwa ba mai damuna, sai da na kuskure sau biyu. To, ba tsufa ba ne. Wanda ya tsara manhajar ne ya ɗora wa ma'aji kayan da ya kamata wayar ta ɗauka.

Masana sun daɗe suna auna wannan abu. A 1956 George Miller, malami a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya rubuta cewa abin da mutum zai iya riƙewa a ka lokaci guda bai wuce kamar abu bakwai ba, ko a ƙara biyu ko a rage biyu. A 2001 Nelson Cowan na Jami'ar Missouri ya sake duba gwaje-gwajen da aka yi, ya ce adadin ya fi kusa da huɗu. Ba maganar babban rumbun tunani ake yi ba, inda mutum ke ajiye sunayen jikokinsa da iyakar gonar kakansa. Ana maganar ɗan faifan da ke hannu ne sa'ad da ake cikin aiki. Faifan nan kuwa ƙarami ne ga kowa, da mai digiri da wanda bai taɓa shiga aji ba. Abin da ke kansa ma ba ya daɗewa. Wani ya gaishe ka, ka amsa, shi ke nan ya zube.

Akwai dabarar da dukanmu muke yi ba tare da an koya mana ba. Lambar waya a Nijeriya alƙaluma 11 ne, ta asusun banki 10. Ba mai faɗarsu a dunƙule, sai a rarraba su kashi kashi, huɗu, uku, huɗu. Miller ya nuna cewa haka ƙwaƙwalwa ke yi, tana ɗaure ƙananan abubuwa dami dami. Saboda haka manhaja mai kyau takan nuna lamba a rarrabe, ta rubuta N150,000 maimakon N150000. Ɗan waƙafin nan shi ne zai hana ka tura dubu ɗari da hamsin alhali dubu sha biyar ka yi niyya.

Wasu masu tsara manhaja sun ɗauki maganar Miller a baibai, suna cewa kada jerin zaɓi ya wuce abu bakwai. A ganina wannan kuskure ne, gama abin da ke gaban idonka ba sai ka haddace shi ba. Inda ƙa'idar take da amfani shi ne wurin abin da ya wuce ba ya dawowa, kamar muryar nan da kan ce danna 1 domin kaza, danna 2 domin kaza, kafin ta kai 8 ka manta na farko. Haka kuma lambar da za ka ɗauko daga wani shafi zuwa wani, irin ta ma'ajinmu. Jakob Nielsen, wani gwani a wannan fanni, ya sa batun cikin ƙa'idodi goma da ya fitar a 1994: a bar mutum ya gane abu da ido, kada a tilasta masa ya tuno shi da ka. Kowa zai iya nuna akuyarsa cikin garke, amma a ce ya kwatanta ta daga gida, sai ya yi ta kame-kame.

John Sweller na Jami'ar New South Wales a Ostareliya ya ƙara haske a 1988, ko da yake a kan koyarwa ya yi bincikensa. Shi da abokan aikinsa suka bambanta nauyin da ke cikin aikin kansa da nauyin da mugun tsari ya ƙaro. Lissafin bashi da ranar biya nauyin aiki ne, ba makawa sai an ɗauka. Neman inda aka ɓoye maɓalli, da fassara Turanci a ka, da tallan da ke tsalle a gefe, duk nauyin banza ne. Kamar mai jaki ne ya zuba hatsi a ɓangare ɗaya na mangala, ya cika ɗayan da duwatsu. Tun 1952 kuma wani Bature ɗan Ingila mai suna Hick ya gwada ya ga cewa in abin zaɓa ya ƙaru, lokacin yanke shawara ma yakan ƙaru.

Binciken da ya fi kusa da halin da muke ciki a Indiya aka yi shi. Indrani Medhi da abokan aikinta a ɗakin binciken kamfanin Microsoft da ke Bangalore sun zauna da matan da ke aikatau a gidaje, waɗanda yawancinsu ba su iya karatu ba, suka buga abin da suka gano a 2006. Sun ga cewa zane mai sauƙi irin na hannu ya fi 'yan alamomin nan na kwamfuta ganuwa, musamman in akwai murya da ke bayani cikin harshen mutum. Sun kuma ga cewa mutane da yawa da ba su karanta rubutu suna karanta alƙaluma sarai. Wannan ba zai ba mu mamaki ba, gama mun san mata a kasuwa da ba a iya cutarsu ko sisi. A binciken da suka yi daga baya sun tarar cewa tsarin shiga ɗaki cikin ɗaki, wato ka buɗe wannan domin ka sami wancan a ƙarƙashinsa, yana wahalar da waɗanda ba su yi makaranta da nisa ba, sun fi samun abin da suke nema a jeri guda miƙaƙƙe ko da ya yi tsawo.

A jihar Gujarat, har wa yau a Indiya, an shirya wa manoma wani layin waya mai suna Avaaj Otalo, inda suke yin tambaya su kuma saurari amsa. Za ka zaci faɗar abu da baki zai fi wa manomi sauƙi. Rahoton 2009 ya nuna akasin haka: masu danna lamba sun fi masu magana kammala aikin. Darasin shi ne, mai tsarawa ba zai zauna a ofis ya san abin da ya fi sauƙi ba sai ya gwada da mutanen.

Ko manyan kamfanoni sukan koya ne daga kuskuren jama'a. Safaricom ta Kenya ta fara M-Pesa, hanyar tura kuɗi ta waya, a 2007. Mutane suka yi ta tura kuɗi ga lambar da ba ita ba. A 2015 kamfanin ya ƙara wani mataki mai suna Hakikisha, wato tabbatar da Swahili (kun ji kamar "haƙiƙa" tamu). Kafin kuɗi ya tafi sai sunan mai karɓa ya fito, a ba ka 'yan daƙiƙu ka soke in ba shi ba ne. Wannan shi ne ainihin abin da manhajar ma'ajinmu ta rasa.

Batun sanarwa kuwa, wato ƙarar nan da saƙon da ke faɗowa kana tsakiyar aiki, ba sai na tsawaita ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Ranar karɓar kuɗi a kashe su duka.

In an kawo wa ƙungiyarku manhaja, kada ku amince domin ta yi kyau a hannun wanda ya kawo ta, gama shi ya saba da ita. Nielsen ya rubuta a 2000 cewa gwaji da mutum biyar ya isa ya tono mafi yawan matsaloli. Ku zaɓi biyar, a ciki a sami dattijo, da mace, da wanda bai iya karatu ba. A ba kowa aiki guda, misali ya rubuta cewa wane ya biya rabin bashinsa. Mai manhajar ya yi shiru, ya rungume hannu, kada ya nuna kome. Ku lura da inda mutum ya tsaya yana tunani, da inda ya nemi takarda domin ya rubuta lamba, da ko akwai hanyar gyara in ya yi kuskure. Ku tambaya kuma, in caji ya ƙare ko sabis ya ɗauke ana tsakiyar rubutu, abin da aka shigar yana nan ko sai an sake daga farko?

Mu dai mun rubuta wa masu manhajar muka roƙa a sa suna ya riƙa fitowa a shafin bashi da manyan baƙaƙe. Kafin a gyara, ma'aji ya ci gaba da aikinsa, littafi na buɗe a gefen waya. Magatakarda yakan kira suna da lamba da ƙarfi, mai karɓa ya amsa, sa'an nan a danna.